Malama Ba-Zama da Neman Digirin Adana Takardu

HAIHUWA DA ASALI

An haifi marigayiya Malama Ba-Zama a cikin watan Maris na shekarar 1952, a wani gari da ya tsiro a mahaɗar layin dogo, inda jiragen ƙasa ke tsayawa su sha ruwa su jira juna. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, yana da shago a jerin shagunan da ke fuskantar ƙofar tasha, mahaifiyarta kuwa ungozoma ce wadda rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma ita ce mace ta farko. Kakarta ta wajen uwa ce ta laƙaba mata Ba-Zama tun tana rarrafe, domin ba a taɓa ajiye ta a wuri aka dawo aka same ta a nan ba, har tsohuwar kan ce jikar nan tata kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai take. Laƙabin ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, ya bi ta ofis, har takardun gayyatar taro da shi ake rubuto mata.

KARATUN FARKO

An sa ta firamare a shekarar 1959, a makarantar da ke bayan gidajen ma'aikatan jirgi, kuma shaidar da malamanta suka yi mata iri ɗaya ce daga aji ɗaya har ta fita: tana da basira, amma benci ba ya riƙe ta. A shekarar 1966 ta samu shiga sakandaren kwana ta 'yan mata, ta kammala a 1970 da sakamako mai kyau a tarihi da lissafi. Burinta a lokacin ta wuce jami'a, sai dai yayyenta biyu maza suna kan karatu, kuma shagon agogo ba zai ɗauki uku ba. Don haka ta shiga makarantar koyon buga tafireta, ta fito da takardar shaida a farkon shekarar 1971.

FARA AIKI

A watan Yuli na wannan shekara aka ɗauke ta aiki a ofishin filaye na garinsu, aka tura ta sashen rajista, wato inda ake ajiye fayil ɗin kowane fili da gida da shago. Ɗaki ne dogo a ƙasan bene, tagoginsa ƙanana can kusa da silin, an jera kantocin ƙarfe har sama, kowace kanta maƙil da fayil-fayil ɗaure da jan zare, wasu kuma a tsibe a ƙasa cikin kwalaye. Duk wanda ya shiga, warin tsohuwar takarda da na maganin gara ne ke fara yi masa maraba.

Mai kula da wannan ɗaki wani dattijo ne da ake kira Baba Makulli, saboda tarin makullan da ke rataye a ɗamararsa, wanda ya kusa shekara talatin a wurin. Babu wani tsari rubutacce da yake bi. Yana ajiye fayil ne gwargwadon abin da ya tuna game da shi, wannan na mutumin nan ne mai tsawo da ya zo shekarar da rufin ofis ya yaye, wancan na matar da ta yi rigima da safiyo mai awon fili. In aka nemi abu sai ya runtse ido kaɗan, ya ja tsani, ya sauko da shi. Ba-Zama, wadda zaman gaban tafireta ya ishe ta tun makon farko, ta yi ta binsa ya koya mata, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "'Yar nan, in na juye miki abin da ke kaina, ni da me zan ci abinci?" Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Shi ma babu wanda ya koya masa, kuma a iyakar saninsa babu abin koyarwa a cikin lamarin.

AURE

A shekarar 1974 ta auri wani malamin lissafi na sakandaren maza, mutum mai sanyin hali da yawan barkwanci, wanda ɗalibai da abokai suke kira Malam Tara-Saura. Sun haɗu ne a ofishin filayen, ya zo neman takardar filin makarantarsu. Sun zauna a gida mai ɗaki biyu cikin gidajen malamai, kuma a nan ta haifi 'yarta ta fari a 1975. Mutane sun yi ta mamakin yadda ruwan sanyi da wuta suka zauna a tukunya ɗaya, shi kuwa yakan ce ai lissafi ne, in aka haɗa gaggawarta da nawarsa aka raba biyu, mutum biyu daidai za a samu.

ABIN DA YA FARU A SHEKARAR 1976

A farkon shekarar 1976 Baba Makulli ya faɗi a bakin ƙofar ofis, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. A cikin wannan shekara kuma hukuma ta yanke shawarar faɗaɗa titin gaban tasha, aka sanar da masu shaguna cewa za a rushe jerin baki ɗaya, kuma duk wanda aka samu fayil ɗinsa a ofishin filaye za a ba shi wuri a sabuwar kasuwa. Takardar da ke hannun mahaifinta ta daɗe da lalacewa sakamakon yoyon rufi, amma bai damu ba, tun da asalinta na ofis, kuma 'yarsa a can take aiki.

Ba-Zama ta shiga ɗakin rajista ta fara sauke kanta bayan kanta. Ta yi watanni tana wannan aiki da tsohon ciki na biyu, tana hawa tsani tana sauka, ƙura ta sa mata tarin da bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta. Ta je asibiti wurin Baba Makulli ta durƙusa a gefen gadonsa tana ambata masa sunan mahaifinta da lambar shagon. Dattijon ya gane ta, ya gane abin da take nema, ya ɗaga hannun hagu yana nuna sama yana motsa baki, amma ba abin da ya fito sai gurnani da hawaye. Ya rasu bayan ɗan lokaci. Ba a samu fayil ɗin mahaifinta ba, haka na fiye da rabin maƙwabtansa, kuma ba a same su ba har yau.

Ranar da motar rusau ta zo, mahaifinta ya kwashe agogunan mutane cikin akwati, ya ɗora teburinsa a kura, ya tsaya yana kallo. Da ta iso wurin, bai yi mata faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Uwata, ke da kike wuni cikin takardu, takardar ubanki ce ta gagare ki?" Ya mayar da teburin ƙofar gida, amma masu kawo masa gyara matafiya ne, kuma matafiyi ba ya shiga lungu neman mai agogo. Sana'ar ta yi ta ja da baya har Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 1979. Waɗanda suka san Malama sun haɗu a kan cewa daga wannan shekara ta 1976 rashin zamanta ya samu alƙibla.

NEMAN ILIMIN SANA'A

Abin da ta fara tambaya shi ne a ina ake koyon ajiye takardu yadda ko mai ajiyar ya faɗi wani zai zo ya ɗora. Ta rubuta wa jami'o'i da kwalejoji, amsar da ta samu ita ce akwai digiri a fannin tarihi, akwai na aikin laburare, amma na sarrafa takardun hukuma da adana su babu. Akwai dai wata babbar difloma ta shekara ɗaya a ƙasar waje, sai dai ba a ɗaukar kowa sai mai digirin farko a wani fanni. Ta ga ke nan sai ta yi zagaye kafin ta isa inda za ta.

A shekarar 1979 ta samu hutun ƙaro ilimi ta shiga jami'a karatun tarihi, tana da 'ya'ya biyu da goyo na uku, ƙanwarta ta dawo gidan tana taya Malam kula da yara. Ta kammala a 1982, ta koma ofis, ta yi ta faɗi-tashin neman tallafin karatu har ta samu a 1984, ta tafi wata ƙasa mai tsananin sanyi ta yi diflomar. A can ta ga cewa abin da Baba Makulli ya ɗauka baiwa ce ta mutum ɗaya, ashe ilimi ne mai ƙa'idoji: yadda ake ba takarda lamba tun ranar da aka haife ta, da tsawon lokacin da za ta zauna a ofis, da wadda za a lalata bisa doka, da wadda za a ajiye har abada, da irin ɗakin da laima da gara ba sa cin ta. Ta dawo a 1985 tana cewa shekara goma sha huɗu ta yi tana zagaye kafin ta samu abin da yaro ɗan shekara goma sha takwas zai iya koya cikin shekara huɗu, in da akwai inda za a koya masa.

AIKI A MA'ADANAR TAKARDUN GWAMNATI

Bayan dawowarta aka mayar da ita ma'adanar takardun gwamnati da ke babban birni, aka ba ta aikin zagaya ofisoshi tana duba yadda suke ajiya. Aikin ya dace da ƙafarta. Ta shiga kotuna da asibitoci da ofisoshin ilimi, kuma kusan ko'ina abu ɗaya ta tarar: sashen rajista shi ne inda ake jefa ma'aikacin da aka rasa yadda za a yi da shi, ko wanda ya yi laifi ake so a hore shi. Ta shirya bita ta mako biyu-biyu ga akawuna, amma ta lura ɗibar ruwa da kwando take yi, domin duk wanda ya ɗan waye sai a ɗaga shi zuwa wani sashe, a kawo sabo wanda bai san komai ba. Su kuma tsirarun da suka yi difloma irin tata, ana dawowa da su sai a ba su ofis a saman bene, su da taɓa fayil sai dai a kawo musu sa hannu.

A shekarar 1993 labari ya iske ta cewa wata kotu a wani gari mai nisa na ƙona tsofaffin takardun shari'a domin a samu ɗakin da sabon alƙali zai zauna. Ba ta jira motar ofis ba, ta je tasha ta shiga ta haya. Ta tarar da wuta na ci a bayan kotun, rabin tulin ya zama toka. Ta yaye mayafinta ta shiga dukan wutar tana jawo ɗaurin fayil-fayil da hannu, har ta ƙone a bayan hannun dama, tabon da ta zauna da shi. Akawun da ya cinna wutar ya tsaya yana cewa, "Malama, ce mini aka yi tsofaffi ne." Ta ce, "Tsofaffi ne mana. Kakarka ma ai tsohuwa ce, ka cinna mata?" Amma da aka tashi hukunta shi, ita ce ta tsaya kai da fata ta hana, ta rubuta a rahotonta cewa an bar jaki ana dukan taiki, domin ba a tuhumar mutum da karya ƙa'idar da ba a taɓa koya masa ba.

SAFA DA MARWA TSAKANIN JAMI'A DA HUKUMA

Tun a shekarar 1988 ta rubuta manhajar digirin farko na shekara huɗu a fannin sarrafa takardu da adana su, ta miƙa wa jami'ar da ta yi karatu. Hujjarta ita ce sana'ar ba za ta tsaya da ƙafarta ba muddin ana shigarta ta ƙofar baya, ko dai a matsayin horo ko kuma a matsayin ƙarin karatu bayan mutum ya riga ya zama wani abu daban. Tana so a kamo matasa tun daga sakandare, a koya musu doka da tarihi da kimiyyar takarda da tsarin mulki tare, su fito suna ɗaukar ɗakin rajista a matsayin wurin aikinsu na har abada, ba zangon da za su yada su wuce ba.

Takardar ta yi shekara biyu tana yawo, sashen tarihi na cewa ɗansa ne, sashen laburare na cewa nasa ne, kowanne kuma ba ya so ya ciyar da shi. A 1990 aka kira ta gaban kwamitin manhaja. Shugaban kwamitin, wani farfesa dattijo wanda ya taɓa koyar da ita, ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Malama, ban raina sana'arki ba. Amma yaron da ya ƙare shekara huɗu ya fito da wannan digiri, a wane mataki gwamnati za ta ɗauke shi? A tsarin ma'aikata babu gurbinsa. Ba zan tara 'ya'yan mutane in yaye su zuwa zaman kashe wando ba. Ki samo mana gurbin, mu ba ki digirin."

Ta ga maganarsa gaskiya ce, don haka ta nufi hukumar ɗaukar ma'aikata. Bayan jira mai tsawo ta samu ganin babban sakatare, shi kuma ya ce, "Ta yaya za mu buɗe gurbi ga mutanen da babu su? Ku yaye su tukuna mu gani." Ta ce, "Ranka ya daɗe, jami'a ta ce sai kun buɗe, ku kun ce sai ta yaye. To ni wa zan kama?" Ya ce, "Ki kama haƙuri."

Haƙuri kuwa shi ne abin da Allah bai hore mata da yawa ba. Daga 1990 zuwa 2004 ta kai wannan manhaja jami'o'i biyar, tana gyara ta duk lokacin da aka dawo da ita, tana ƙara darussan kwamfuta da zamani ya zo da su. Wata jami'ar ta amince sai shugabanta ya sauka, magajinsa ya ce bai san zancen ba. Wata ta ce a mayar da manhajar darasi guda cikin digirin laburare, Malama ta ƙi. Abokan aikinta suka fara kauce mata a taro don sun san abin da za ta ce, wasu na kiranta Malama Digiri a bayan idonta. Jakar tafiyarta ba ta taɓa komawa ƙarƙashin gado ba, kullum tana bakin ƙofa, har Malam Tara-Saura kan ce in an tambaye shi ina matarsa, yakan ce a tambayi 'yan kamasho a tasha, sun fi shi sani.

RASUWAR MAIGIDANTA

Malam Tara-Saura ya daɗe yana fama da hawan jini. A watan Mayu na shekarar 2004 aka gayyace ta ta gabatar da manhajar a taron shugabannin jami'o'i a wani birni mai nisa, damar da ta yi shekaru tana nema, shi kuma yana kwance ba ya jin daɗi. Ta yi niyyar fasawa, ya ce mata, "Malama, tafi. In kika zauna ma kai-kawon da za ki yi ta yi a ɗakin nan shi zai ƙara mini ciwo." Ta tafi. Washegari da safe ciwon ya tashi, ya rasu a hannun babbar 'yarsu, wadda a lokacin ma'aikaciyar jinya ce, kuma kafin saƙo ya iske Malama ta kamo hanya an riga an kai shi makwancinsa. A taron ma ba a kai ga batunta ba, an ɗage shi saboda ƙurewar lokaci.

Bayan an watse daga zaman makoki, babbar 'yar ta same ta a ɗaki ta ce, "Mama, takardu sun samu uwa. Mu ne ba mu samu ba." Shekara biyu suka yi gaisuwa kawai ke haɗa su, kuma a tsawon wannan lokaci Malama ba ta kai manhajar ko'ina ba. Ta yi ritaya a 2006 bayan shekara talatin da biyar tana aiki, ta koma gida, ta rasa abin yi da kanta. Ta sauya wa kujerun falo wuri har jikoki suka daina sanin inda za su zauna, ta shuka lambu ta tumɓuke, ta fara koyar da yaran maƙwabta ta bari.

SHEKARUN RITAYA DA BUƊEWAR ƘOFA

A shekarar 2008 babban ofishin filaye na birnin ya ba wani kamfani kwangilar ɗaukar hoton dukkan takardunsa a zuba a kwamfuta. Aka yi aikin cikin gaggawa, ba tare da an tsara takardun ko an ba hotunan suna da lamba ba, sannan aka kwashe asalin fayil-fayil ɗin aka jibge a wani tsohon sito mai yoyo, a kan cewa zamaninsu ya wuce. Kamfanin ya gama ya tafi. Cikin shekara biyu damina ta cinye na sito, na kwamfuta kuma ya zama tulin hotuna dubu ɗaruruwa wanda babu mai iya gane na wane ne. Rigingimun filaye suka cika kotuna, fili ɗaya mutum uku, har aka yi asarar rai a wata unguwa.

A 2010 aka kafa kwamitin bincike aka kira Malama daga gida. Ta shiga siton da takalmin roba, ta fito ta rubuta cewa kwamfuta ba ta gyara hargitsi, sai dai ta ninka shi, kuma laifin ba na na'ura ba ne, na rashin masu ilimin da za su gaya mata abin da za ta yi ne. Rahoton ya shiga durowa kamar sauran, amma wata mata ta karanta shi, shugabar wata ƙaramar sabuwar jami'a, wadda ita kanta filin jami'arta na cikin waɗanda rigimar ta shafa. A 2013 ta aika aka kira Malama, ta ce mata ba za ta jira hukumar ma'aikata ba, za ta buɗe sashen, in an yaye yaran a je a yi rigimar gurbi da su a hannu.

A lokacin ciwon sukari ya riga ya kama Malama, idonta ya fara rauni, kuma babbar 'yarta ta ɗauke ta ta mayar da ita gidanta tun 2012. Ita ce ta riƙa kai ta jami'ar a motarta tana jiran ta a waje. Wata rana a hanya Malama ta ce mata ba dole ne ta wahalar da kanta ba, za ta iya shiga motar haya. 'Yar ta ce, "Mama, takardu dai ban yafe musu ba. Amma ke uwata ce, kuma ba ki gani sosai. Ɗaura bel." Ba a ji sun sake tayar da maganar ba.

Sai da aka ƙara shekara uku ana kai-kawo da hukumar tantance manhajojin jami'o'i kafin izini ya fito a 2016. A watan Oktoba na 2017 aka ɗauki ɗalibai ashirin da uku, akasarinsu waɗanda suka nemi lauya ko aikin jarida ba su samu ba. Malaman sashen su ne ita, da mutum biyu da ta horar tun suna akawuna, da wasu na aro daga tarihi da laburare. Ba ta iya koyarwa a zaune ba, kuma ba ta yarda da aji kaɗai ba: takan sa ɗalibai su ɗaura ƙyalle a hanci ta kai su ɗakunan ajiya na asibitoci da makarantu su sauke kaya su tsara. Sauran ɗaliban jami'ar suka sa musu suna 'yan digirin ƙura. Da suka kawo mata ƙara, ta ce su bar su, duk ranar da takardar shaidar ɗayansu ta ɓata zai zo yana gaishe su da hannu biyu. Huɗu sun canza sashe a shekarar farko, sauran suka zauna.

RASUWA DA JANA'IZA

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2019 jiri ya ɗebe ta tana tsaye gaban allo, ɗalibai suka tare ta, aka kai ta asibitin da 'yarta ke aiki, inda likitoci suka tabbatar ƙodarta ta gaza. A kwanakin jinyar ba ta bar masu zuwa dubiya sun huta ba: ta aika a kira shugabar jami'a kan batun wanda zai karɓi darasinta na 'yan aji uku, ta sa aka karanta mata sabuwar takardar neman gurbin aiki da za a kai hukumar ma'aikata, ta gyara wurare biyu da baki. Allah Ya yi mata rasuwa da hantsin ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2019, tana da shekara sittin da bakwai. An yi mata salla bayan azahar a ƙofar gidan babbar 'yarta, aka binne ta a makabartar da ke gabashin birnin. Cikin waɗanda suka ɗauki makara akwai 'ya'yanta maza da ɗalibanta, da wani magatakardan kotu mai ritaya, wato akawun nan da ta hana a hukunta a 1993, wanda ya yi tafiyar yini guda don ya samu jana'izar.

Ta haifi 'ya'ya shida, ɗaya ya rasu yana jariri. Ta bar biyar a raye: babbar 'yarta, shugabar ma'aikatan jinya, mai bi mata, injiniyan hukumar ruwa, na uku, malamin lissafi a sakandare, ta huɗu, mai shagon ɗinki, da Auta, wanda ke aikin lauya. Ta bar jikoki goma sha huɗu, da ƙanne biyu.

Ɗalibanta na farko su goma sha tara sun kammala a shekarar 2021. Bakwai sun samu aiki a bankuna da asibitoci masu zaman kansu, biyu sun zauna a sashen suna koyarwa, sauran na jira. Takardar neman gurbinsu na gaban hukumar ɗaukar ma'aikata, kuma a zuwan da wakilansu suka yi na baya-bayan nan an ce musu su dawo bayan an zauna a kai. Sun ce za su dawo. Allah Ya jiƙan Malama, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta.